Lissafin Wutar Lantarki: Yadda A Ke Gane Nauyin Da Waya Za Ta Iya Ɗauka

An shirya wannan takarda domin Hakimai da magatakardansu, da sauran malamai masu riƙe da littattafan gunduma. Dalili kuwa, maganar wutar lantarki ta shiga cikin maganganun da a ke yawan kawowa zauren Hakimi. Yau 'yan kasuwa sun zo neman iznin jawo waya zuwa sababbin rumfuna, gobe masu haya a gida ɗaya sun zo suna jayayya a kan rabon kuɗin mita, jibi kuma masu kula da rijiyar burtsatse na gardama a kan girman injin da za a saya. Wani lokaci kuwa labarin da ya fi waɗannan muni ne ke zuwa, watau gobara ta tashi da dare a layin rumfuna, ko wuta ta kama yaro a bakin famfo. A ƙarƙashin dukan waɗannan al'amura akwai lissafi guda, wanda in an yi shi tun da fari, da yawa daga cikin hasarar ba za ta auku ba. Wanda ya iya lissafin rabon gado ko na zakka, wannan ba zai gagare shi ba, gama ninkawa ce da rabawa kawai.

Taɓa waya aikin wanda ya koya ne, kada magatakarda ya sa hannunsa ciki. Abin da a ke bukata daga gare shi shi ne, in mai gyaran wuta ya ce, "Wannan waya za ta ɗauka," ya ɗauki alƙalami ya duba ko haka ne, sa'an nan ya gaya wa Hakimi abin da ya samu.

Abubuwa uku da sunayensu

A ɗauki misalin tankin ruwa da a ke ɗorawa bisa hasumiya, a jawo bututu daga gare shi zuwa famfo. Tsawon hasumiyar shi ke matsa ruwan. In doguwa ce ruwa ya fito da ƙarfi, in gajera ce ya riƙa tsiyaya. Yawan ruwan da ke wucewa ta bakin famfo cikin daƙiƙa guda kuma wani abu ne dabam. Sa'an nan ga bututun kansa, wanda in siriri ne, ko dogo, ko tsatsa ta cushe shi, sai ya tauye ruwan ko da matsin na da yawa.

Haka wutar lantarki ta ke. Akwai matsin da ke tura ta cikin waya, ana auna shi da bolt. Akwai yawan wutar da ke kwarara, ana auna ta da amfa. Akwai kuma turjiyar da waya ko na'ura ke yi wa wannan kwarara, ana auna ta da om. Wutar gidaje a Nijeriya an tsayar da matsinta a bolt 230, batirin mota kuwa bolt 12 ne, ƙaramin batirin tocila bolt ɗaya da rabi. A jikin kayan wuta a kan rubuta V a madadin bolt, A a madadin amfa.

Waɗannan sunaye duka na mutane ne. Alessandro Volta, mutumin Italiya, shi ya fara haɗa batir a 1800, ya jera faya-fayen jan ƙarfe da na tutiya, tsakaninsu ya sa ƙyalle jiƙe da ruwan gishiri. André Ampère Bafaranshe ne, wanda tun daga 1820 ya binciki yadda kwararar wuta ke yin aikin maganaɗisu. Georg Ohm kuwa Bajamushe ne, malamin makaranta a birnin Kolon, shi ya gano ƙa'idar da ta ɗaure abubuwan nan uku, ya buga ta a littafi a 1827. Da fari masanan ƙasarsa ba su ɗauki maganarsa da muhimmanci ba, sai a 1841 ƙungiyar masana ta Landan ta ba shi lambar girma. A wani taro da aka yi a Faris a 1881 aka amince da waɗannan sunaye su zama ma'aunan da duniya za ta yi aiki da su.

Ƙa'idar Ohm

Ƙa'idar ita ce, in an raba bolt da amfa, abin da ya fito shi ne om.

Bolt ÷ Amfa = Om

Alal misali, an jona abin dafa ruwa, wanda a ke kira hita, a wutar gida mai bolt 230. Mai gyara ya gwada da mitarsa ya ga amfa 10 ke wucewa. A raba 230 da 10, ya ba da 23. Turjiyar wannan hita om 23 ke nan.

Duk wanda ya san biyu cikin ukun nan zai iya fitar da na uku. In bolt da om aka sani, a raba bolt da om a sami amfa: 230 ÷ 23 = 10. In kuwa amfa da om aka sani, a ninka su a sami bolt: 10 × 23 = 230. Abin lura a nan shi ne, na'ura ita ke yanka wa kanta yawan wutar da za ta ja, gwargwadon turjiyarta. Mai turjiya da yawa ta ja kaɗan, mai turjiya kaɗan ta ja da yawa. Mutane da yawa su kan juya wannan magana, su zaci abu mai cin wuta shi ne mai babbar turjiya, alhali kuwa akasin haka ne.

Ƙarfin aiki

Abu na huɗu shi ne ƙarfin aikin da wuta ke yi, ko haske ne, ko zafi, ko juya fanka. Ana auna shi da wat, sunan James Watt mutumin Sikotlan, wanda ya inganta injin tururi. A jikin kaya a kan rubuta W. Wat dubu shi ne kilowat ɗaya. Lissafinsa:

Bolt × Amfa = Wat

Hitar nan ta ɗazu, 230 × 10, wat 2,300 ke nan. Amma magatakarda ba shi da mitar gwaji, kuma ba ya bukatarta, domin kusan kowane kayan wuta an rubuta wat ɗinsa a gindinsa ko a bayansa. Sai ya juya lissafin, ya raba wat da bolt ya sami amfa. Dutsen guga mai wat 1,000, a raba da 230, yana jan amfa 4.3, watau huɗu da sulusi. In kuma aka raba 230 da 4.3 sai a ga turjiyarsa om 53 ce. Tsohon ƙwan fitila mai zare, na wat 60, yana jan kimanin rubu'in amfa, turjiyarsa kuma wajen om 880 sa'ad da ya ke ci. Mun ce sa'ad da ya ke ci ne domin turjiyar ƙarfe na ƙaruwa da zafi. Zaren ƙwan in ya huce turjiyarsa ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na wannan ba, shi ya sa irin wannan ƙwai ya fi yawan mutuwa a daidai lokacin da aka danna makunni, sa'ad da wuta mai yawa ta faɗa masa gaba ɗaya.

Fulogi mai ƙafa uku da a ke aiki da shi a ƙasar nan, babban fis da a ke sa masa na amfa 13 ne. A ninka 230 da 13, ya ba da 2,990. Iyakar abin da soket guda zai ɗauka ke nan, wat dubu uku ba kaɗan. Wanda ya jona hita da dutsen guga a soket ɗaya ya tara wat 3,300, ya riga ya wuce iyaka tun bai ƙara fanka ba.

Inda zafi ke fitowa

Wannan shi ne muhimmin sashe na takardar, ana so a karanta shi a tsanake.

Waya kanta tana da turjiya, ko da ya ke kaɗan ce. Duk inda wuta ta ratsa turjiya kuwa, sai zafi ya fito. James Joule, mutumin Ingila, shi ya auna wannan a 1840, ya ga yadda zafin ke tafiya. Mu ma za mu iya fitar da ƙa'idarsa daga biyun da su ka gabata. An ce wat shi ne bolt sau amfa. An kuma ce bolt shi ne amfa sau om. To, in aka ɗauke kalmar bolt aka sa amfa sau om a gurbinta, sai a sami:

Amfa × Amfa × Om = Wat

A lura amfa sau biyu ta shigo. Ma'anar wannan ita ce, in an ninka kayan da waya ke ɗauke da su sau biyu, zafinta sau huɗu zai ƙaru. In sau uku ne, zafi sau tara. In sau goma ne, sau ɗari. Jaki in an ƙara masa mangala ya kan durƙusa mai shi ya gani, amma waya tana cikin rufi ko bayan katako, ba mai ganin halin da ta ke ciki sai robarta ta narke.

Masu gyara suna kiran waya da lambar kaurinta, watau faɗin bakin ƙarfen da ke cikinta. Wayar jan ƙarfe mai lamba 1.5, kowane tsawon mita ɗari yana da turjiyar om 1.15. Mai lamba 2.5 tana da om 0.7, mai lamba 4 kuwa om 0.43. Wayar alminiyam mai kauri ɗaya da ta jan ƙarfe ta fi ta turjiya da fiye da rabi. Kada kuma a manta wuta zuwa ta ke yi ta dawo, saboda haka in tsakanin mita da inda a ke aiki tafiyar mita ɗari ce, wayar da za a lissafa ta mita ɗari biyu ce.

A ce an jawo waya mai lamba 1.5 wannan nisa, turjiyarta om 2.3 ke nan. In amfa 10 ke binta, 10 × 10 × 2.3, wat 230 ke zama zafi a hanya. Har ila yau 10 × 2.3, bolt 23 sun ragu kafin wuta ta isa, mai gida ya sami 207 maimakon 230. In aka ƙara kaya amfa ta kai 20, zafin hanya ya zama wat 920, kusan dutsen guga guda a kunne dare da rana, kuma mita na ƙidaya shi, mai gida ne zai biya. Da mai lamba 4 aka sa tun farko, a amfa 10 wat 86 kaɗai zai salwanta. Waya mai kauri ta fi tsada ranar saye, amma kuɗinta na dawowa.

Ƙiyasin da a ke bi shi ne, mai lamba 1.5 kada ta wuce kimanin amfa 15, mai lamba 2.5 kimanin amfa 20. Siririyar wayar nan mai laushi ta lamba 0.75, wadda a ke yi wa fitilar tebur, amfa 6 ne iyakarta. A ƙasa mai zafi irin tamu, musamman ƙarƙashin rufin kwano da bazara, kamata ya yi a tsaya ƙasa da waɗannan adadi, domin waya ba ta samun sanyin da za ta huce. Kuma akwai jabun waya a kasuwa, wadda ƙarfenta bai kai lambar da aka rubuta ba, ko alminiyam ce aka shafa mata jan ƙarfe a baya. Irin wannan ta kan ɓata lissafi duka, saboda haka aikin jama'a kada a saya masa waya don araha.

Akwai abin da ya fi doguwar waya haɗari, shi ne mugun haɗi. Zafin doguwar waya a warwatse ya ke cikin tsawonta duka, na haɗi kuwa wuri guda ya ke taruwa. In aka murɗa wayoyi biyu da hannu aka naɗe da salatif, ko ƙusar soket ta yi sako-sako, ko tsatsa ta kama wurin, turjiyar wannan ɗan wuri ta kan iya kai om ɗaya. Om ɗaya kamar ba kome ba ne. Amma a sa amfa 10 ta bi ta wurin: 10 × 10 × 1, wat 100 ke nan, a wurin da bai fi kan ɗan yatsa ba. Wanda ya taɓa kama tsohon ƙwan fitila na wat 100 yana ci ya san irin zafin da a ke nufi. In amfa 15 ce, wat 225. A sa wannan a jikin busasshen katako da hunturu, kusa da atamfa ko katifa, ba sai an faɗi sauran ba. Abin da ya ƙara munin al'amarin shi ne fis ba zai tsinke ba, domin amfa ba ta wuce iyaka ba. Alamar da a ke samu ita ce soket ya yi ɗumi, ko ya yi baƙi, ko a ji warin roba, ko fitila ta riƙa ƙyaftawa. Duk inda aka ga ɗaya cikin waɗannan, a kashe wuta daga mita a kira mai gyara a ranar.

Fis kuwa aikinsa dabam ne. In wayoyi biyu su ka haɗu tsirara, wuta ta sami gajeriyar hanya wadda turjiyarta ba ta fi rabin om ba. A raba 230 da rabi, amfa 460 ke nan. An yi fis da siririyar waya da gangan domin ta narke nan take, ta yanke wutar tun sauran wayoyin gida ba su kama ba. Mutumin da fis ɗinsa ya tsinke ya ɗaura wayar jan ƙarfe mai kauri a gurbinsa, ya kori mai gadi ne don ya dame shi da ihu. Wannan ɗabi'a ta yi yawa a kasuwanni, ya kamata Hakimi ya ja kunnen Sarkin Kasuwa a kanta.

Wannan ƙa'ida ta Joule ita ce kuma dalilin manyan wayoyin da ke ratsa daji bisa dogayen turakun ƙarfe. Wutar da a ke samu a madatsar ruwa ta Kainji, wadda aka gama a 1968, da ta Shiroro ta 1990, a kan ɗaga matsinta zuwa bolt 330,000 kafin a tura ta nesa, sa'an nan taransifoma ta riƙa sauko da shi mataki mataki, 132,000, da 33,000, da 11,000, har ya iso na gida. A lissafi mai sauƙi, wat miliyan ɗaya a bolt 230 na bukatar amfa fiye da 4,300, amma a bolt 33,000 amfa 30 ta isa. Kwarara ta ragu sau 143, zafin hanya kuwa ya ragu fiye da sau dubu ashirin.

Jikin mutum

Jikin ɗan Adam ma hanya ce ta wuta, yana da turjiyarsa. Busasshiyar fata ta kan kai om dubu ɗari, amma in jiki ya jiƙe da ruwa ko gumi, ƙafa kuma tana kan danshi ba takalmi, sai ta sauko wajen om dubu ɗaya. A raba 230 da 100,000, abin da ya fito bai kai kashi uku cikin dubu na amfa ba, mutum zai ji fizga ya janye hannu. A raba 230 da 1,000 kuwa, ya ba da kashi 230 cikin dubu. Kashi 50 zuwa 100 cikin dubu sun isa su rikita bugun zuciya. Waya ɗaya ce, bolt ɗaya ne, amma wanda ya taɓa ta da rani yana iya tsira, wanda ya taɓa ta da damina yana iya mutuwa. Saboda haka wuraren alwala, da bakin rijiyar burtsatse, da wurin masu wanki da guga, su ya kamata a fi sa wa ido. Akwai abin yanke wuta na musamman wanda ke katsewa da zarar kashi 30 cikin dubu na amfa sun ɓace ta wata hanya, ya dace a sa shi a irin waɗannan wurare. In wuta ta kama mutum kuwa, kada a kama shi da hannu. A kashe makunni, ko a ture shi da busasshiyar sanda.

Yara su kan tambayi abin da ya sa tsuntsu ke sauka kan wayar falwaya ba ta kashe shi. Amsa ita ce ƙafafunsa biyu a waya ɗaya su ke, babu bambancin matsi tsakaninsu, inda babu bolt kuwa babu amfa.

In wuta ta yi ƙasa ko ta yi sama

Sau da yawa wuta ta kan zo da rauni, bolt 160 maimakon 230. Dutsen gugan nan mai om 53 zai ja amfa 3, a ninka da 160, wat 480 ke nan, bai kai rabin ƙarfinsa ba. Wannan ba ya ɓata shi, jinkiri kawai zai yi. Kayan da ke da inji mai juyawa kuwa, irin su firji da injin jawo ruwa, halinsu dabam ne. Nauyin da su ke juyawa bai ragu ba, don haka in bolt ya sauka sai su ƙara jan amfa, wayar cikinsu ta yi zafi ta ƙone. In an ga fitila ta yi ja, a kashe injin rijiya har wuta ta daidaita.

In kuma wayar da a ke kira nitaral ta tsinke a wajen taransifoma, wani gida na iya samun matsin da ya kusa bolt 400. A raba 400 da 53, amfa bakwai da rabi, a ninka da 400, wat 3,000. Abin da aka yi don wat dubu ya ɗauki dubu uku. Dalilin ƙonewar kayan unguwa guda cikin dare ɗaya ke nan.

Inji, da batir, da taransifoma

A jikin taransifoma da janareta da yawa ba wat a ke rubutawa ba, kVA a ke rubutawa, watau bolt sau amfa dubu. Wutar gida kaiwa da komowa ta ke yi sau hamsin a daƙiƙa, kuma a kayan da ke da inji matsi da kwarara ba sa tafiya daidai da juna, saboda haka ba dukan bolt sau amfa ke zama aiki ba. Ƙiyasin da a ke bi shi ne a ɗauki kashi takwas cikin goma. Janareta mai kVA 2.5 wat 2,000 zai bayar. Injin jawo ruwa mai ƙarfin doki ɗaya, watau wat 746 na aiki, yana cin fiye da haka, kuma a lokacin tashi ya kan fizgi ninkin amfarsa sau uku ko fiye na ɗan lokaci. Don haka janareta mai wat dubu ba zai tashe shi ba, ko da a takarda kamar ya isa.

Taransifoma mai kVA 300 wat 240,000 za ta ɗauka. In kowane gida na jan wat dubu, gida 240 ke nan. In da hunturu kowa ya kunna hita mai wat 2,000 da asuba, gida 120 sun cika ta. Hakimin da ya san yawan gidajen da ke rataye da taransifomar garinsa zai iya rubuta wa kamfanin rarraba wuta da hujja tun ba ta ƙone ba. Ya kamata kuma a sani, hukumar da ke tsara harkar wuta ta ƙasa ta sha bayyana cewa gyaran taransifoma nauyin kamfanin ne, ba na talakawa ba.

Masu aiki da sola su lura da abu guda. Kaya na wat 240 a bolt 230 amfa ɗaya su ke ja, amma daga batir mai bolt 12 amfa 20 ne. Saboda haka wayar da ke tsakanin batir da na'urar juya wuta tilas ta zama gajera mai kauri.

Rabon kuɗin mita

Abin da mita ke ƙidayawa, wanda a ke kira yunit, shi ne wat dubu na tsawon sa'a guda. A ninka wat da sa'o'i, a raba da dubu. Ofis mai tsofaffin ƙwayaye takwas na wat 60, sa'a shida kullum, yana shan yunit 86 a wata. In aka sauya su da irin na yanzu masu wat 9, waɗanda haskensu ya yi daidai da na wancan, yunit 13 ne.

Da wannan a ke raba gardamar masu mita ɗaya. Mai rumfa da ƙwai ɗaya da fanka ɗaya, wat 80, in ya yi sa'a goma bai sha yunit ɗaya ba, kashi takwas cikin goma ne. Maƙwabcinsa mai shayi da hitar wat 2,000, sa'a uku kacal, ya sha yunit shida. Raba musu kuɗi daidai wa daida zalunci ne ga na farko, ko da ya ke shi ya fi daɗewa da wuta a kunne.

Misali na layin rumfuna

A ce 'yan kasuwa sun kawo wa Hakimi bukata. Rumfuna goma sha biyu ne, nisansu da mita tafiyar mita 60, an jawo musu waya mai lamba 1.5. Kowace rumfa na da ƙwai na wat 10 da fanka ta wat 70. Magatakarda ya tara: 80 × 12, wat 960. Ya raba da 230, amfa 4.2. Wayar zuwa da dawowa mita 120 ce, turjiyarta om 1.4. Zafin hanya, 4.2 × 4.2 × 1.4, wat 25. Babu laifi ko kaɗan.

Yanzu suna so tela ya sa dutsen guga na wat 1,000, mai shayi ya sa hita ta wat 2,000, mai sayar da ruwan sanyi ya sa firji na wat 200. Jimla ta zama wat 4,160, amfa 18. Wannan ya wuce iyakar wayar. Zafin hanya, 18 × 18 × 1.4, ya haura wat 450. Kaya sun ƙaru sau huɗu da ɗan ɗori, zafi ya ƙaru sau goma sha takwas, bolt 25 kuma sun ɓace a hanya. In akwai haɗi guda mai om ɗaya a cikin rufi, shi kaɗai zai fitar da wat 324.

Amsar da magatakarda zai rubuta wa Hakimi ita ce kada a yarda sai an sauya wayar da mai lamba 4, wadda turjiyarta a wannan nisa rabin om ce, bolt tara kaɗai za ta ci. A sa mata fis na amfa 20 a wajen mita, kowane haɗi a yi shi cikin akwati a ɗaure da ƙusa, mai gyara kuma ya zama mai takardar shaida. Sa'an nan a shigar cikin littafin kasuwa da lambar wayar, da girman fis, da jimlar wat da aka amince da ita, da ranar da aka yi aikin, domin in wani ya zo baɗi yana neman ƙara injin niƙa a san daga inda za a fara lissafi.